Ranar da Gwaggo ta yi wa mai bes tofi a Baure

Kai, ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Baure ba! Yanzu ma da nake rubutawa kunnuwana zafi suke yi. Amma bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda aka yi na tsinci kaina durƙushe a tsakiyar mata.

Ni bes nake kaɗawa, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ka cika jin ta a kunne ba sai dai a ƙirji. Babu wanda ya koya min. Waƙoƙin jita na Nijar da 'yan acaɓa ke kunnawa a tasha su suka fara ja na, daga nan na faɗa kallon bidiyon 'yan rok, makaɗan jita na Turawa, a waya. Jitar ma ba tawa ba ce. Ta Oga Chinedu ce, mai shagon kayan babur a nan Daura, wanda ke kaɗa ta a cocinsu. Da ya gaji da ganina ina leƙen ta a bayan kantar shagon, sai ya ce in riƙa ɗauka ranakun da ba ya buƙata. Amfilifaya kam, akwatin da ke fitar da sautinta, bai ba ni ba. Don haka duk koyon da na yi, a kashe na yi shi: in manna jitar a cikina, in ja tsirkiya, in ji tana rawa a haƙarƙarina. (Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.)

Yaya Sagir, shugaban wata ƙungiyar samari masu kiɗan biki, ya yarda ya gwada ni. Ya faɗa min gaskiya cewa hannun hagun mai fiyanonsu yana yin aikin bes, kuma ba ya cin abinci. In na burge shi a bikin Baure, na shiga. In ba haka ba, in mayar wa Oga kayansa. Abin da ya ƙara min zumuɗi, amaryar 'yar Gwaggo Hinde ce, ƙanwar babanmu. Dangin da ke cewa na lalace da “garayar Turawa” duk za su gani da idonsu.

Na lura 'yan rok suna saka wani abu a kunne in suna wasa. Ban san amfaninsa ba, na dai ga yana musu kyau. Sai na cusa iyafis ɗin wayata har ƙurya, na tura igiyar cikin aljihu ba tare da na jona ta da komai ba.

Da la'asar aka fara, tsakar gida cike da mata, zafi kamar me. Waƙar farko ta tafi lafiya. A ta biyu Yaya Sagir ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya, fiyano ya tsaya, ya nuna ni. Filina ke nan, ni kaɗai.

Na rufe ido. Na ja tsirkiya, na ji ta a cikina daram kamar kullum. Na fara kaɗa kai sama da ƙasa har hulata ta yi nata waje. Na yi tsalle. Na zube kan gwiwoyina cikin sabuwar shadda, na banƙare baya, baki a buɗe, yatsu na gudu. A raina ina cewa yau Baure ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

To, ta gani ɗin. Ashe tun kafin a nuna ni, Gwaggo ta ga kakar ango tana haɗa gumi, ta duba soket, ta zare wayar da ta ga “ba ta aikin komai”, ta jona fanka. Wayar amfilifayar da Yaya Sagir ya ara min ce. Abin da mutane suka gani shi ne kiɗa ya tsaya cak, ga yaro yana fizge-fizge a ƙasa, babu ko ƙaramin sauti.

Ruwan sanyi ne ya buɗe min ido. Gwaggo ce a kaina da moɗa, ta dafe min goshi tana tofa addu'a. Na zare iyafis, na ji tana cewa, “Ku matsa ya sha iska. Dama na ce abin nan na rataye-rataye ba zai bar ɗan nan lafiya ba.” Wata tsohuwa tana ba da shawarar a kawo garwashi a yi min hayaƙi. (Alherin da ke ciki ɗaya ne: da jitar a jone take, da ruwan nan da wutar lantarki sun gama da ni.)

Na ce, “Gwaggo, lafiyata ƙalau, kiɗa nake yi.”

Ta ce, “Wane kiɗa? Mu ba mu ji komai ba.”

Mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa, kafaɗunsa na rawa. Na so ƙasa ta tsage. Na fara kwance igiyar jita, don na san tawa ta ƙare. Yaya Sagir ya zo ya mayar da wayar da kansa, ya miƙo hannu in ba shi iyafis, ya jefa a aljihunsa. Ya ce in tashi mu ƙarasa, amma ido a buɗe, kuma in bi ƙafar da mai ganga ke taka babbar gangarsa da ita kawai.

Haka na yi, jiƙe sharkaf, tsaye ƙyam kamar turke, ina buga abu mafi sauƙi da na iya. A karon farko na ji sautina yana haɗuwa da na wasu. Can sai ga kakar ango, wadda aka hana fanka saboda ni, ta miƙe tana taka rawa.

A mota Yaya Sagir ya ce in zo atisaye ranar Asabar. Iyafis ɗin har yau bai dawo min da shi ba. Oga Chinedu da ya ji labari ya yi dariya har ya zauna a kan taya, sannan ya ce, “Yarona, mai bes da kunne yake kaɗawa, kai kuma ka toshe naka.”

Yanzu kafin in taɓa tsirkiya, sai na duba soket, sannan in duba inda Gwaggo take zaune. Ku fa, wa aka taɓa zare wa waya yana tsakiyar burgewa? Ku faɗa min, in ji daɗi ba ni kaɗai ba ne.