Wanda Ya Durƙusa Bai Tsufa Ba

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwa a Kano, to a fara da Malam Uwaisu, sannan a zauna a sha ruwa kafin a nemo na biyu. Likitoci sai sun shekara bakwai a makaranta, su fito da 'yar roba a wuya suna sauraren ƙirjin mutane. Shi kuwa kwas ɗin mako uku ya yi a Kaduna, ya dawo yana gane lafiyar ɗan Adam daga bayan tebur, ko miƙewa ba ya yi. Shi ya sa leburorin Sharada suka raɗa masa Dakta Kallo-Ɗaya. Da sunan ya je kunnensa sai ya ji daɗi, har ya sa aka rubuta masa Dakta a jikin ƙofa.

Zamanin nan ne da injinan Bompai da Sharada da Challawa ba sa hutawa. Ana nan sai wata hukuma ta tuna cewa ashe leburan kamfani ma yana tsufa. Aka fito da Katin Hutu. Duk wanda ƙarfinsa ya ƙare, in ya sami katin, zai ajiye aiki a riƙa ba shi ɗan abin cefane duk wata, ya kuma sha magani kyauta a ɗakin magani da aka gina a Sharada. To amma wa ya tsufa, wa bai tsufa ba? Yawancin bayin Allahn nan ba su da takardar haihuwa. In ka tambayi mutum shekarunsa sai ya ce maka shekarar fara aka haife shi. Dole a sami gwanin da zai tantance, kuma ƙasar nan ta yi sa'a, Malam Uwaisu yana raye.

Ranar buɗe ofis ya sha kwat ɗin safari, ya jera biro huɗu a aljihu, ya hau benci ya yi wa tsofaffi jawabi.

"Jama'a, tsufa ba furfura ba ce. Furfura ko ɗan talatin yana yi. Mu da muka karanci abin mun gano cewa tsufa a gwiwa take. Duk wanda gwiwarsa ke lanƙwasuwa, gwamnati na da sauran aiki da shi. Wannan kimiyya ce, ba na son gardama."

Tsofaffi suka yi tafi, don sun ga ya dakata.

Kai jama'a! Wane dattijo ne da aka haifa a Ringim ko Kura ko Damagaram zai shiga ofishin mai hukuma ya tsaya masa a ka ƙerere? Kowa ya zo sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya dafa bango, ya cije leɓe, ya kai gwiwa ƙasa ya ce ranka ya daɗe. Shi ke nan, an gama gwaji. Dakta ya ɗaga hatimi ya buga a kan fom, tim: DA SAURANSA. Mutum ya fito yana jan ƙafa, bai ma san an auna shi ba.

Kada a ce Dakta ba shi da adalci. Alhassan, wani tsohon mai gadin masaƙa a Bompai, ya gano dawar garin, ya shiga ya yi sallama a tsaye. Dakta ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa.

"A gidanku haka ake gaida manya? Wannan ofishin gwamnati ne, ba tashar mota ba. Fita, sai ka koyo ladabi."

Haka aka yi wata uku. Mai ladabi bai tsufa ba, marar ladabi ba a duba shi. Katunan suna nan a durowa sababbi fil, ko ƙura ba ta taɓa su ba.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Baba Inuwa na Panshekara. Shekara ashirin ya yi yana dakon buhunan gyaɗa a Bompai, da gyaɗa ta ja baya ya koma kamfanin fatu a Challawa, yana wuni tsaye cikin ruwan jima. Gwiwoyinsa sun kumbura kamar ƙullin fura. Manaja ya riga ya gaya masa ƙarshen wata za a sallame shi. In da kati, ya tafi gida da abin cefane da magani. In babu, ya tafi da gwiwoyinsa. Sau biyu yana zuwa, sau biyu yana durƙusawa, sau biyu ana buga masa hatimi. Ga shi an ce ranar Juma'a za a rufe ba da kati.

Matarsa ta yi masa faɗa, Alhassan ya yi masa huɗuba: ko za a kore ka, ka tsaya a tsaye ka nuna masa ƙafar. Baba Inuwa ya rantse ba zai durƙusa ba. Tun daga Panshekara yake maimaita rantsuwar a cikin bas. Ranar Juma'ar ya shiga ofis da hantsi, ya ga tebur, ya ga tuta, ya ga biro huɗu. Wallahi bai san lokacin da ya kai ƙasa ba. Tarbiyyar shekara sittin ba ta jin rantsuwar safiya ɗaya.

Tim! Dakta ya buga hatimi. "Madalla, garau kake. Na gaba!"

Baba Inuwa ya yunƙura, shiru. Ya sake yunƙurawa, gumi ya karyo masa. Gwiwa ta ƙulle. Ga shi a tsakiyar ƙofa, ba shiga ba fita, hawaye na bin gemunsa don kunya da azaba.

Dakta ya duba agogo. Yana da sabuwar babbar riga a mota, yana kuma son sahun gaba a masallacin Juma'a. Ya zagayo daga bayan tebur yana kaɗa kai.

"Matsalarku ke nan, rashin ilimi. Tashi ma yana da ƙa'ida. Buɗe idonka ka gani, sau ɗaya zan nuna. Ka sauka haka, ka miƙe baya, sannan ka..."

Ƙas! Har na waje sun ji. Bawan Allah tun da aka ba shi kujerar nan bai durƙusa wa kowa ba, ga tumbi ya yi gaba. Ya tsaya a tsugune, hanci da hanci da Baba Inuwa, ido ya raina fata.

Tsofaffi arba'in da ke layi suka leƙo, suka ga mai hukuma a ƙasa. Subhanallahi! Ina za a tsaya a kan babban mutum yana durƙushe? Nan take suka zube gaba ɗaya, tun daga bakin ƙofa har gindin darbejiya, kowa na ƙoƙarin ya fi shi yin ƙasa.

"Ku tashi ku ɗaga ni!" in ji Dakta.

"A'a, ranka ya daɗe, ku fara tashi."

"Na ce ku tashi! Umarni ne!"

"Allah ya ba ku nasara, ba ma riga ku ba."

Ihun ne ya fito da Sista Zuwaira, mai kula da ɗakin magani, wadda ta yi wata uku tana saƙa hula don rashin marasa lafiya. Ta tsallake tsofaffi ta leƙa, ta toshe baki da mayafi. Dakta ya ce maza ta kawo keken marasa lafiya a kwashe wannan tsoho daga ƙofa. Ta ce ai keken na masu kati ne kaɗai, kuma da sa hannunsa a takardar da ta faɗi haka.

Aka miƙo masa durowa har ƙasa. A tsugune, a kan cinyarsa, Dakta Kallo-Ɗaya ya rubuta Katin Hutu mai lamba ɗaya da sunan Inuwa Panshekara. Aka ɗora Baba a keke yana rungume da katin yana ta godiya. Shi kuwa Dakta, da yake ba shi da kati, wasu leburori huɗu ne suka cicciɓe shi yadda yake a naɗe, suka dire shi a bencin ɗakin magani.

Sista Zuwaira ta buɗe kabad. Ƙwayar ciwon jiki biyu ce a ciki, tak. Dakta ya tambaya cikin nishi ina maganin gwamnati. Ta ce hedikwata ta daina aikowa, tunda kowane mako ofishinsa na rubuta musu cewa tsofaffin Sharada da Challawa da Bompai duk da sauransu, ba wanda ya tsufa. Ta juye ƙwayoyin biyu a tafin mai kati.

Baba Inuwa ya dubi hannunsa, ya dubi babban mutum yana murƙususu a benci, tausayi ya kama shi. Ya ware ɗaya ya miƙa.

"Ranka ya daɗe, ku sha wannan. Ni na saba."

Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya haɗiye ba ruwa. Can ya waiga ya ga ba mai kallonsa, sai ya matso ya rage murya, ya tambayi Baba ko yana da niyyar shan ɗayar.