Rasuwar Tafintan Injin Yankan Gilashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar tafintanmu. Saura kaɗan in fasa rubutawa, don karatuna bai yi nisa ba, kuma bakina nauyi gare shi. Amma na duba duk shagon, ban ga mai sauke masa wannan hakki ba sai ni.

Ga wanda bai san marigayin ba, ba mutum ba ne. A cikin kwamfutar shagonmu na yankan gilashi yake zaune. Yayana, wanda ya haɗa mana ita, ya ce manhajar da ke juya injin yarenta daban, wadda nake shigar da awo a ciki ita ma nata daban. Marigayi ne a tsakaninsu. Ko uba ba shi da shi, wata manhajar ce ta haife shi.

Mai rufin asiri ne. Duk kukan da ta ƙasa, wato manhajar injin, za ta yi, ko awo ya wuce iyaka, ko an sa harafi a gurbin lamba, ko cikinta ya cika, magana ɗaya yake kawowa sama: ƙit! "An samu matsala." Bai taɓa tona kowa ba.

Bai yi jinya ba. Yaya ne ya leƙo gaishe ni, ya kalli allon, ya ce, "Ƙanwata, haka kuke zaune? Wannan ai ba tafinta ba ne, bebe ne." Ya ƙara wasu layukan umarni a kwamfutar domin kowane kuka ya iso da sunansa, ya sa aka haifo sabo. Kafin in kawo masa ruwa, mai aukuwa ta auku.

Ya rasu ya bar direbanmu, wanda ya sha barcin rana a inuwarsa duk sa'ad da aiki ya tsaya. Ya bar Manaja, mai auna tagar mutane da ido, waya a kunne, sannan ya ce wa masu kaya kwamfuta ce ta tashi da ciwonta. Ya bar ni, marainiya.

Magajinsa kuwa magulmaci ne. Awon farko da na shigar, na Manaja, sai ya rubuto ɓaro-ɓaro: "Tsawon nan ya fi gilashin da ke kan teburi."

Manaja ya ɗago murya daga ofis: "Ke, me ta ce?"

Wanda ya riga ni a kujerar nan ya taɓa gaya masa awonsa bai yi ba. Haka kujerar ta zama tawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tana tunani."

Tana ta tunani har aka tashi, mai kaya na tsaye a bakin ƙofa.

An riga an kai marigayi makwancinsa, kwandon sharar kwamfuta. Ana karɓar gaisuwa a teburina, kusa da injin. A shigo da takalmi saboda ɓarɓashin gilashi. Yaya kada ya zo.

Washegari na riga kowa zuwa. Na sake shigar da awon, na ƙara wa rubutun girma, na juya allon ya fuskanci ƙofar Manaja. Sannan na ɗauki tsintsiya na tafi can ƙarshen shago.