Takardar Mai Girma da Aikin Ikrima

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce saura ƙiris in kashe wa ɗana aiki da hannuna, kuma wallahi taimako na fita yi.

Ikrima, babban ɗana, injiniyan kwamfuta ne, manhaja yake rubutawa irin ta cikin waya. Shekara biyu ke nan yana ɗaki a nan Wurno ta kusa da Birnin Kudu yana tura takardun neman aiki ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Wai daga gida ake aikin. Maƙwabcina Malam Sada kullum sai ya tsokane ni: "Ya mai ofishin kan tabarma? An ƙara masa girma zuwa katifa?"

Sai ga wani kamfani ya ce zai yi masa tambayoyi ta bidiyo, Talata ƙarfe biyu na rana. Sabis ɗinmu kuwa kun san shi, sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Turken sabis da Mai Girma Uban Marayu ya yi mana alkawari zaɓe biyu da suka wuce, an dai haƙa raminsa, kwaɗi na ta godiya duk damina. Don haka Ikrima ya shirya zai hau babur ɗina zuwa cikin Birnin Kudu, shagon abokinsa mai sola.

Ni kuwa na yi tunani irin na manya. A ƙasar nan wa ya taɓa samun aiki ba takardar wani babba? Ko shara ce sai da kati. Ana idar da sallar asuba na ɗaure zabi biyu a bayan babur, ban gaya wa kowa ba, na nufi gidan Mai Girma can wajen Gwaram, da niyyar in dawo da hantsi.

Na tarar da mutane sun fi na kasuwa. Mai Girma yana barci. Can aka ce yana wanka. Can kuma yana ganawa. Sai wajen sha ɗaya sakatarensa ya fito, ya karɓi zabin kafin ya karɓi gaisuwata.

"Wace ma'aikata ce, Baba?"

"Ranka ya daɗe, kamfani ne a ƙasar waje."

"Shugabansu namu ne?"

"Ban san shi ba."

"Ba komai. Har can ana jin maganar Mai Girma." Ya rubuta cewa a taimaka wa mai wannan takarda, ya buga hatimi har sau biyu.

A hanya mai ya ƙare. Ina cikin layin gidan mai, inda famfo shida ne amma ɗaya ke aiki don kada sauran su gaji, sai ga kiran matata Batulu.

"Malam, ina ka kai babur? Yaron nan tun safe ya sa riga yana zagaye tsakar gida, an rasa ɗan acaɓa, duk sun tafi layin mai!"

"Ai ga mu nan tare da su," na ce. Ta kashe waya.

Ɗaya da rabi na iso gida. Ikrima ya rungume kwamfutarsa ya hau baya, har Birnin Kudu fuskarsa a ɗaure. Da ma faɗa ya yi. Biyu saura minti uku muka shiga shagon. Na zaro takardar da alfahari, ya dube ta, ya dube ni.

"Baba, wa zan miƙa wa?"

Aka fara. Wata mata ce a cikin kwamfutar, sai Turanci suke zubawa. Na daure, na daure, na ga dai zabina za su tafi a banza. Na lallaɓa ta bayansa na ɗaga takardar saitin kyamara, hatimin na kallonta. Matar ta tsaya. Ikrima ya waiwayo, na ga gumi ya keto masa. Ya faɗa mata wata magana, ta yi dariya har da dafe baki, ta ɗaga mini hannu. Na fita na zauna a dakali.

Da ya fito na tambaye shi me ya ce mata.

"Na ce mahaifina ne, tun asuba yake kan hanya don ya taimake ni."

Ashe wata manhaja mai matsala suka ba shi ya gyara a gabansu, ya gyara. Ba wanda ya tambayi ɗan wane ne. Ranar Juma'a saƙo ya zo: sun ɗauke shi.

Lahadi sai ga sakataren nan da mai hoto da ɗan rediyo a ƙofar gidana. Wai Mai Girma ya fara samar wa matasa aiki a ƙasashen waje, ana son jin ta bakin iyaye. Ikrima ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Ni kuwa na gyara hula, na yi godiya ta minti biyar cur, har da addu'a. Kada ku zarge ni, jama'a. Ina da sauran 'ya'ya huɗu, kuma babu wanda ya iya kwamfuta a cikinsu.