Nomau da Kantin Waƙoƙi

A Tungar Maje akwai wani tsoho mai kiɗan gurmi, ana ce masa Baba Jatau. 'Ya'yansa biyu ne. Larai tana koyarwa a birni, Nomau kuwa yana gida, ya kai shekara arba'in, kuma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Larai ce ta naɗi waƙoƙin tsohon ta kai su wani kanti na waya, inda mutum kan biya kuɗin wata ya saurari abin da yake so. Ta bar wa Nomau waya ta koma bakin aikinta.

Wata rana Larai ta kira ta ce, "Yaya Nomau, kantin yana yanar gizo. Shiga ka ga hoton Baba." Nomau ya ajiye waya, ya nufi tsohon rumbun da aka daina zuba hatsi, ya kutsa kai. Ya jima a ciki. Da ya fito, daga hula har ƙafa duk yanar gizo ce.

"Na shiga," ya ce wa Larai a waya. "Gizon yana nan, amma Baba bai zo ba tukuna."

Wata rana kuma maƙwabta suka taru suna son jin waƙar da Baba Jatau ya yi wa manoman gero. Larai ta ce ai sai an sauke ta tukuna. Nomau ya ɗauki guga da igiya ya hau rimin bakin kasuwa, don can ne kaɗai ake samun sabis mai ƙarfin jan waƙa. Ya kunna waƙar, ya saka wayar a cikin guga, ya riƙa sakin igiya a hankali. Tana yin ƙasa, sabis ya ɗauke, waƙa ta tsaya. Ya jawo, ta ci gaba. Ya saki, ta tsaya. Tun hantsi ake abu ɗaya har azahar, mutane na tsaye wuya ya ƙage.

"Ba ta son saukowa," ya kwaɗa musu daga sama. "Mai son ji ya hawo."

Mai unguwa ne kaɗai ya gwada, shi ma daga reshe na biyu ya dawo.

Wata rana waƙoƙin suka rufe, Larai ta ce kuɗin wata ne ba a biya ba. Da magariba jinjirin wata ya tsaya, Nomau ya fita bayan gari ya miƙa masa kuɗi har hannunsa ya sage. Ya dawo ya ce wa uban, "Ya ƙi karɓa. Ƙila sai ya girma."

Wata rana sai ga wani mutum a mota, da jaka da tabarau. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya ce kantinsu ya fi wancan girma, za su kai gurmi har ƙasashen waje. Ya zaro takarda. Baba Jatau bai iya karatun boko ba, idonsa ma ya yi rauni, ga wayar Larai ba ta shiga. Daɗin bakin mutumin ya ratsa shi, ya ce, "Nomau, sa hannu a madadina."

Nomau yana tsakiyar cin ɗanwake da manja. Ya tashi, ya shimfiɗa tafin damansa a kan takardar, ya danna sosai.

"Subhanallahi! Ba haka ba, malam!" Mutumin ya zaro ta biyu. "Saura wannan kaɗai. Sa hannu, a hankali."

Nomau ya tsoma hagunsa a kwano, ya ɗora a hankali.

Mutumin ya watsar da takardun ya ja motarsa, ko sallama babu.

Ranar Asabar Larai ta zo, ta ɗaga takardar a rana ta karanta abin da manja ya bari. An rubuta cewa Baba Jatau ya sallama waƙoƙinsa duka har abada, da waɗanda bai rera ba tukuna, kuma ba zai ƙara kaɗa su ko a bikin ƙauyensu ba. Ladansa rediyo guda.

Tsohon ya ɗauki gurminsa yana shafawa. Can ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Nomau."

"Amin, Baba," in ji Nomau. "Amma ina cikin damuwa. In ya dawo da ta uku fa? Hannuwana sun ƙare."