Bangona Ya Sauya Sheƙa Ina Jingine Da Shi

Jama'a, ku taya ni murna, jiya na shiga sabuwar jam'iyya ban sani ba.

Da hantsi na fito ƙofar gida na jingina da bangona ina shan iska, kamar yadda na saba tun kafin a haifi iyayen yawancinku. Na ɗan yi gyangyaɗi, na tashi, na ɗauki galan na nufi gidan mai. Layi ya kai har kwanar asibiti, amma sai na ga ana ta buɗe mini hanya, ana tafi. Wani direba har da cire hula. Na ce a raina, ashe dai yau garin nan ya gane wane ne ni. Na ƙara ɗaga kafaɗa.

Sai ga Mai Kemis, maƙwabcina, wanda nake faɗa wa maganata yana rubuta muku, tunda ni ban taɓa zama a aji ba kuma ban ga abin da na rasa ba. Ya kama cikinsa yana dariya.

"Baba, yaushe ka koma Buta?"

"Wace butar?"

"Juya ka ga bayanka."

Na tuɓe riga a tsakiyar layi. Tun daga wuya har gindi ruwan hoda ce kaca-kaca, ga rabin hoton buta a kafaɗa. Ashe da sassafe aka shafe bangon da sabon fentin jam'iyyar Buta, ni kuwa na kwana da sanin bangona rawaya ne, na jam'iyyar Almakashi.

Bari in ba ku labarin bangon nan, don ya fi wasu ministoci tarihi. Yana fuskantar babban titi, daidai inda motoci ke rage gudu saboda rami. Duk ɗan takarar da ya shigo yankinmu dole ya kalle shi, ko ba ya so. Shi ya sa kowace jam'iyya ke kwaɗayinsa. Ni da hannuna na gina shi ina saurayi, lokacin da nake ɗaga buhun siminti biyu in yi waƙa. Na ga gwamnatoci sun zo da jiniya sun tafi a ƙafa. Na sha ambaliya, na sha yunwa, likita ya taɓa cewa a kira 'ya'yana, yau likitan ne babu. Ni da bangon nan muna nan.

Sai dai akwai sirrin da ni da Uwargida muka sani. Bangon ya tsage tun tuni, tsagar da hannu ke shigewa. Fenti ne ke riƙe da shi. Wannan jam'iyya ta shafa, waccan ta zo ta shafa a kai, har ya yi kauri kamar katifa. Bayan bangon kuwa ɗakin Uwargida ne, da gadonta da kekenta na ɗinki. Ga hadari ya fara haɗuwa kowace yamma. Shi ya sa ban taɓa korar mai fenti ba. Wasu sun ci kwangila a siyasa, wasu sun ci kujera, ni gyaran gida nake ci.

To me ya kawo ruwan hoda? Mai Girma Jagoran Yankinmu, Uban Tafiya, Allah ya ƙara wa tayoyinsa iska, shi ne ya tashi cikin ikon Allah ya gano cewa Almakashi ba ta ƙaunar talaka. Ya gano hakan ne ranar da aka hana ƙaninsa takara. Sai ya hau mimbari ya ce ya koma Buta "da dukkan al'ummar yankina". Da mu ke nan. Ina barci aka ɗauke ni, ko juyi ban yi ba. Wannan ƙwarewa a jigila dole a yaba mata.

Mai Kemis ya zauna ya yi mini lissafin masu ilimi. Ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa na Almakashi ya shiga uku, don da yankinmu yake taƙama. Ya ce amma jagoran ƙetaren kogi ya bar Buta ya koma Almakashi a mako guda, na yankin tuddai kuma yana zuwa taron kowa yana cin abincin kowa. Ya ce saboda haka masana sun kasa gane wanda zai ci.

Na ce masa, "Ɗana, masana ba su da bango. Jam'iyyar da ta tabbata za ta ci, fentin mai take kawowa, mai sheƙi. Wadda ke shakka, fentin ruwa take kawowa. Bana duka biyun fentin ruwa suka kawo, shi ma an tsinka shi kamar shayin asibiti. Ka rubuta, ko su kansu ba su san inda za su kwana ba."

Wannan tsinkakken fentin shi ya jawo mini. Da rana ta take, ruwan hodar ta bushe, sai ga almakashin jiya ya leƙo ta ƙarƙashi, daidai kan wuyan butar, kamar zai datse shi. Yara da manya suka taru suna ɗaukar hoto.

Can sai ga mota baƙa. Wani ya fito da jaka a hammata, yana ƙamshin turare, wai shi ne sakataren Mai Girma. Bayansa ga Gajere mai fenti. Gajere shi ne ya shafa rawayar, shi ya shafa ruwan hodar, shi ya shafa duk na baya. Mutum ne mai aƙida, bai taɓa sauya burushi ba.

"Baba, barka da hutawa," in ji Mai Jaka. "Gobe ayarin ɗan takararmu zai bi ta nan. Ba zai yiwu ya ga wannan abin kunya ba. Za mu kankare tsohon fentin duka, mu fara daga tushe."

"Ranka ya daɗe, babu tushe. Ku ƙara shafa wani a kai."

"Baba, sabuwar tafiya ce. Ba ma ɗorawa a kan ɓarnar baya."

"Ɓarnar bayan ce ke riƙe da ɗakin matata."

Gajere ya sosa ƙeya. "Oga, gaskiya tsohon nan ya faɗa. Ni na san bangon nan."

"Kai an tambaye ka? Kankare!"

Uwargida ta ɗaga murya daga ciki. "Malam, ka faɗa musu in ƙura ta taɓa mini ɗinkin mutane, da su da butarsu sai sun raina kansu!"

Gajere ya sa ƙarfe ya fara. Jama'a, ban taɓa ganin kallo irin wannan ba. Rawaya ta ɓare, sai ga ruwan hodar zaɓen da ya wuce, don Mai Girma ya taɓa zama a Buta kafin ya gano ita ma ba ta ƙaunar talaka. Aka ɓare ta, sai ga shuɗi na jam'iyyar Agogo, wadda ta mutu da sakatarenta. Ƙarƙashinsa ga alkawarin famfo da manyan baƙaƙe. Ƙarƙashin wannan ga alkawarin cike ramin titin nan, ramin kuwa yana gefe yana kallonmu. A kowane shafi ga fuskar Mai Girma, tana ƙara yarinta tana ƙara ramewa, har muka iso inda wuyansa yake kamar na zakara. Mutane suka dinga shewa. Ni har rawa na taka, ina nuna musu da sanda: wannan na ci zamaninta, wannan na binne ta, wannan ma haka.

Ina cikin rawar na ji bangon ya yi tari. Na san muryarsa. Na ce, "Ku ja baya!" Muka watse, ya yi mana sallama ya kwanta a titi, rigijib.

Da ƙura ta lafa, sai ga Uwargida zaune a kan kekenta, tabarau a hanci, tana fuskantar babban titi da duk jama'ar da ke kai. Wani mai babur ya rage gudu ya ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta amsa masa. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, in ruwan sama ya same ni a haka, gidan 'yata zan koma, da keken da komai. Ka zauna kai da tarihinka."

Ni da ban ji tsoron ambaliya ba, wannan magana ta tsorata ni. Wa zai riƙa yi mini gardama da safe?

Mai Jaka kuwa gumi ya jiƙa masa turare. Ba ɗakin ne ya dame shi ba, ayarin gobe ne. Ya yi waya, ya yi rantsuwa cewa bulo da siminti suna hanya, har an kafa kwamiti. Siminti dai bai iso ba. Abin da ya iso kafin la'asar shi ne wani ƙaton allon ƙarfe mai hoton ɗan takarar Buta yana murmushi, haƙori ɗaya ya kai faranti. Aka kafa shi daidai inda bangon ya faɗi, ya rufe ɗakin ruf, sai ɗan tsagi a gefe da iska ke shigowa.

Aka yi yayyafi da yamma, ko ɗigo bai taɓa gadon ba. Uwargida ta buga ƙusa a bayan ɗan takarar ta rataye zarenta. Ta ce za ta zauna, muddin allon na nan.

To kun ga inda na tsinci kaina. Ni da na ga bayan jam'iyyu ban taɓa riƙe katin kowa ba, yau babu ɗan Buta irina a yankin nan. Na fi Mai Girma kansa. Don yau da safe Mai Kemis ya zo da labarin an ga motar Mai Girma a ƙofar gidan ɗan takarar Almakashi, wai gaisuwar rashin lafiya ya je, alhali mutumin ƙalau yake. In ya sake komawa, 'yan Buta za su zo su cire allonsu, ni kuma in rasa bango in rasa mata. Saboda haka ina roƙon Uban Tafiya, don girman Allah, ya daure ya ƙaunaci talaka a wuri ɗaya har damina ta wuce. Na riga na ɗaure ƙafar allon da sarƙa a jikin gadon, duk mai son ya sauya mana sheƙa sai ya ɗauke mu da gaske wannan karon.

Wanda za mu jefa wa ƙuri'a kuwa, har yanzu cikin masu lissafin babu wanda ya tsaya ya tambaye mu.

Af, na manta. Gajere ya raɗa wa Uwargida cewa allon 'yan Almakashi ya fi wannan faɗi, zai rufe har ɗan tsagin da iska ke shigowa. Yanzu haka ta miƙo mini tef ɗinta na awo, wai in je in auno mata.