Rasuwar Gwaggo Shamuwa, Jirgin Sama Marar Inji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Malam Gamaliel, malamin aikin katako a makarantar sakandaren da ke hanyar Garaku, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo Shamuwa, jirgin sama marar inji, wadda ta cika ranar Asabar a rumfarta, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi. Rubuta masa sanarwar aka yi, don tun ranar bai zauna wuri ɗaya ba. Ya shiga rumfa, ya fito, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sake komawa.

Marigayiyar ta iso Keffi cikin akwatuna ana gab da samun 'yancin kai, tare da wani Bature malamin lissafi. Katako ce da yadi da gam, ba ta taɓa shan ko ɗigon fetur ba, har a wannan zamani na arzikin mai da kowane babur ke cika mana kunne. Mota ke janta da doguwar waya a filin bayan makaranta har ta ɗaga, sai ta saki wayar ta bi iska kamar shirwa. Baiwar Allah ba ta da hayaniya. Iyakar maganarta "fiiiuu" in ta zo wucewa, sai "gurrr-ƙis" in ta sauka kan ciyawa.

Kujera biyu gare ta, amma aikin Malam Gamaliel shi ne ya riƙe bakin fiffike ya bi ta da gudu har ta fi ƙarfin ƙafarsa. Bature ya yi ta ce masa zai ɗaga shi mako mai zuwa, mako mai zuwa, har yaƙin basasa ya taso, ya tattara ya tafi gida, ya bar masa ita da mabuɗin rumfa. Ko sau ɗaya Malam bai tashi a cikinta ba. Abin da ya hana shi sukuni ke nan duk shekarun nan, kuma ba ya ɓoyewa: so yake ya ga Keffi daga sama kafin ya mutu.

Kula kuwa, ko jariri bai sami irin wadda ta samu ba. Kowace Asabar ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinta da yatsa ya ji ta amsa "ƙwal-ƙwal", ya shafa wa wayoyinta mai, ya karkata sandar tuƙi ya leƙa ya ga wutsiya ta motsa, ya danna yadin ko ya saki. Ana nan sai ya ga zanzaro na shiga wasu ƙananan ramuka a ƙarƙashin fukafukanta ɗauke da laka. Ransa ya ɓaci. Zanzaro a jikin Gwaggo? Ya nemo kakin zuma ya toshe ramukan tas, ya bi da fenti, aiki mai kyau irin na gwanin kafinta. Ashe ta nan take zubar da laima, ta nan take numfashi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ita kuwa ta yi shiru abinta.

Bana tsohon ɗalibinsa Boaz, wanda yanzu injiniyan jirage ne kuma matuƙi a Kaduna, ya yi alkawarin zuwa ya duba ta, in ta sami lafiya ya ɗaga Malam da kansa. Ai kuwa ba wanda ya sake hutawa. An sare ciyawar fili, an gyara mota, an gaya wa coci, an gaya wa kasuwa, Madam Susana matar Malam ta dafa abinci kamar na biki. Ranar Asabar Boaz ya iso, ya buɗe wata 'yar ƙofa a fiffike ya sa hanci. Gam ɗin irin waɗannan jirage daga madara ake yin sa, in laima ta kama shi warin ruɓaɓɓen nono yake yi, shi ne kuwa ya bugi Boaz. Ya ƙwanƙwasa katakon ciki, ta ce "ɓus". Ya taɓa haƙarƙari ɗaya, ya biyo hannunsa. Sai ya cire hula ya shaida wa Baba Malam cewa ta daɗe da tafiya.

Malam ya roƙi a ɗaga shi ko tsayin bishiyar mangwaro ne. Boaz ya ce ko tsayin rumbu ba zai yarda ba, kuma dole a sa wa fukafukan zarto kada zuciya ta ɗebi wani wata rana. Malam yake kallo da yake faɗin haka.

Ta rasu ta bar tsohuwar Landirofa mai janta, wadda ita ma tari ya sa ta gaba, da waya nannaɗe a kusurwa, da laimar saukowa da ba a taɓa buɗewa ba, sai dangi na nesa, shirwoyi da ungulayen mahauta, waɗanda ke ta shawagi a kan rumfar ba ko kunya. Ta kuma bar Malam Gamaliel a ƙasa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Za a ɗauko ta a kafaɗa daga rumfa zuwa tudun bayan makaranta, inda za a yanka fukafukan a binne. Ana neman majiya ƙarfi, domin makarar za ta yi nauyi fiye da yadda ake zato: Malam ya ce a kujerar gaba zai zauna, Madam Susana ta yi magana har ta gaji. Saboda haka ana roƙon masu ɗauka, don girman Allah, su ɗaga ta sama da kawunansu iyakar tsawon hannu, kada su yi sauri, kuma kada kowa ya yi masa magana sai an sauke.