Yadda Za Ka Zama Gwarzon Mata Ba Tare Da Ka Taɓa Soson Wanke-wanke Ba

Ɗan'uwa, in kana so a riƙa gayyatarka taro ana ba ka kujerar gaba, ana kiranka mai kare haƙƙin mata, alhali hannunka bai san kumfar sabulu ba, to ka zo inda ya dace. Hanyar nan ba ta ƙarya. Da ita ɗalibina na farko, wanda ake kira Kwamared, ya yi suna, kuma da shi zan riƙa ba ka misali.

1. Nemi riga

Mai rubutu a ƙirji: "Daidaito Yanzu". Fara ta fi fitowa a hoto. Tana saurin datti, amma wannan ba damuwarka ba ce. Ta Kwamared kullum fes take, a goge, kuma bai taɓa tambayar yadda aka yi ba.

2. Haddace manyan kalmomi

Danniya, wariya, gurɓataccen tsari. Ka furta su a hankali kana girgiza kai. Mutumin da ke yaƙi da tsari ba a tambayarsa wa ya share falo.

3. Saurari mata, amma a waje

A taro, in mace ta miƙe, dafa ƙirji ka ce, "Muna jin ki, 'yar'uwa." A gida kuwa ka duƙufa kan waya.

Matar Kwamared tana karatun ungozoma. Bara ta rasa jarrabawar ƙarshe saboda 'yan biyunsu sun kwanta zazzaɓi, kuma makaranta ta ce in ta sake rasawa an sallame ta ke nan. Ta same shi yana rubuta jawabi.

"Baban 'yan biyu, ranar Asabar ce jarrabawar nan. Kai za ka zauna da yara."

"Ai haƙƙinki ne," ya ce, bai ɗago ba. "Ina bayanki ɗari bisa ɗari."

Lura da gwaninta. Bai ce zai zauna ba.

4. In rana ta haɗu, nemo wata macen

Asabar ɗin ce aka sa shi jawabi a babban taro kan nauyin da ya yi wa mata yawa a gida. Kai ma ka san wannan ba abin bari ba ne. Ya kira ƙanwarsa, ta ce, "Yaya, in rufe shagona ke nan?" Ya kira mahaifiyarsa, ta ce, "Gwiwar nan ko kaina ba ta ɗauka. Kai da kake gyaran duniya, yara biyu ne za su gagare ka?"

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya lura mata ba sa ba gwagwarmayar mata haɗin kai.

5. Sulale da sassafe

Takalmi a hannu, waya a kashe. In zuciyarka ta ɗan sosu, tuna cewa dominta kake yi.

6. Yi magana daga zuciya

Kwamared ya hau dandamali, zaure a cike. Muryarsa har rawa take: "Har yaushe za mu bar mace ita kaɗai da reno, da girki, da..."

Sai ƙofa ta buɗe. Matarsa ce, yaro a kowane hannu, biro a soke a ɗankwali. Ta ratsa tsakiyar kujeru ba ta kalli kowa ba, ta hau dandamali, ta ɗora masa ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta rataya masa jakar kayansu a wuya. Makirufo kuwa a kunne yake.

"Wannan ba ya shan madara da sanyi. Wancan kuma yanzu ya ɓata kunzugu. Sai na dawo, Kwamared."

Ta fice, mai babur na jiranta a bakin ƙofa.

Sai tafi ya ɓarke a zaure, don kowa ya ɗauka shiri ne. Wata dattijuwa a layin gaba tana share hawaye tana cewa, "Yau na ga namiji! A aikace yake nuna mana." Shugabar taro ta janye kwalaben ruwa daga kan tebur, ta ce:

"Bismillah, ranka ya daɗe. Koya wa mazan nan yadda ake canza wa yaro."

Wayoyi suka ɗago sama. Bawan Allah bai san gaban kunzugu daga bayansa ba.

7. Yi murmushi

Abin da ya rage maka ke nan. Ya ɗaura baibai, dattijuwar ta taso ta kwance ta ce ya sake, ya sake, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Matarsa ta ci jarrabawa, yanzu tana aiki a ɗakin haihuwa. Shi kuma sunansa ya kai inda bai zata ba. Gayyata ta ninka, sai dai duk wanda ya kira da magana ɗaya yake rufewa: "Don Allah ka taho da 'yan biyun."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin ciwon baya, amai a kafaɗa, ko tafin da ba ka shirya masa ba. In matarka ta san hanyar zauren taro, ni ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Kwamared ma ya daina ba ni hannu in mun haɗu, ko da yake ba na riƙe shi a zuciya: hannuwan duka biyu a cike suke.